Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Yanke Kuɗin Shiga Kallon Ƙwallo A Kumasi

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, shugabannin kulob-kulob, masu kula da filaye, da duk wanda ake zama da shi kafin a sanar da kuɗin tikiti. Ina gaishe ku da aiki.

Ni tela ne, shagona yana Aboabo. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan ina hawa matakalar filin Baba Yara, kuma ban taɓa riƙe muƙami a wata ƙungiyar magoya baya ba. Abin da nake da shi muryata ce, da jar rigar kulob ɗinmu, Asante Kotoko, da na ɗinka da hannuna. Na rubuto ne saboda maganar da ake yi a majalisun shayi na Asawase da Sabon Zango da Yalwa ba ta isa ofisoshinku. A can ana faɗa ana sake faɗa, a tashi kowa ya kama gabansa, Lahadi ta zo fili ya zama wayam, ku kuma ku ce mutane sun daina son ƙwallon gida. Ba mu daina ba. Kuɗin ƙofa ne ya fi ƙarfinmu.

Bari in fara da abin da idona ya gani a babban wasan da na je na baya-bayan nan. Tun farkon mako autana, yaro ɗan shekara 11, yake ƙirga kwanaki. Yaran shagona biyu ma na yi musu alkawari, don sun yi kwanan zaune a kan keke har muka fitar da ɗinkin wani biki. Da aka sanar da farashi a rediyo, na ajiye almakashi na yi lissafi a bayan takardar awo. Bai fita ba. Dole na kira yaran nan na ce su yi haƙuri sai wani karo. Ba su ce komai ba, ɗaya ya ce "Ba komai, Maigida," ya koma kan kekensa. Wannan ba komai ɗin ta fi mini ciwo da a ce sun yi fushi.

A bakin ƙofa kuwa na tarar da wani dattijo da muke kira Baba, wanda tun ina saurayi nake ganinsa a gefe ɗaya na fili, wurin zamansa ba ya canzawa. Ya zo da kuɗinsa a ƙulle a bakin hankici, daidai abin da ya saba biya. Aka gaya masa sabon farashi. Ya kwance, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya mayar ya ƙulle. Na ce, "Baba, bari in cika maka." Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, shiga da yaronka. Ni na gani da yawa, shi ne bai gani ba." Ya koma gindin katanga ya zauna, ya kanga ƙaramin rediyonsa a kunne. Muka shiga. A ciki, layi bayan layi na kujeru babu kowa sai rana tana dukansu. Mutumin da ya fi rabin rayuwarsa yana ba wannan fili murya yana waje yana jin wasa ta rediyo, kujerarsa tana ciki babu mai zama.

Ku duba lissafin da kanku. Mafi ƙarancin albashin yini da gwamnati ta tsayar a 2025 sidi 19.97 ne. A 2024 sidi 18.15 ne. A ɗauka, misali, tikitin ɓangaren talakawa, wanda muke kira fofula, ya kai sidi 50 a babban wasa. Wannan aikin yini biyu da rabi ne ga mai ƙaramin albashi. Uba da 'ya'ya biyu sidi 150, guminsa na mako guda da ɗoriya, tun bai hau trotro, wato motar haya, ko pragya, wato keke mai ƙafa uku, ba, tun bai sayi ruwan leda ba, tun yaro bai ga mai tsire ya ja masa riga ba. Kuma da yawanmu a Zango ba ma kan albashi. Mai ɗaukar kaya a kasuwar Kejetia, yaron makaniki a Suame Magazine, mai shayi, mai faci, kowa abin da ya samu ranar ne abin da za a ɗora a murhu da dare. Kun san abin da ya same mu a 2022, lokacin da tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. An ce yanzu ta lafa. Amma farashin da ya hau bai sauko ba, hawansa ne kawai ya rage gudu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Magidancin da aka ba zaɓi tsakanin cefane da tikiti, ba sai an tambaye shi ba.

Ba na cikin masu cewa ku buɗe ƙofa kyauta. Ni ma mai sana'a ne, na san zare ya yi tsada, yadi ya yi tsada, wuta ta yi tsada, kuma ni ma na ƙara kuɗin ɗinki. Na san 'yan wasa suna da iyali, albashinsu hakki ne. Na san mota ba ta zuwa Tarkwa ko Samreboi ko Tamale da ruwa, akwai masauki, akwai abinci, akwai magani. Na kuma san abin da aka tara a ƙofa ba duka yake shiga asusun kulob ba, masu fili suna da kasonsu, akwai haraji, akwai masu tsaro. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai akwai abin da kowane ɗan kasuwa a Alabar ya sani, kuma ina mamakin yadda ya ɓace a teburinku. Kujerar fili ba yadi ba ce da za a naɗe a ajiye sai wani mako. Da alƙalin wasa ya busa tashi, kujerar da ba a zauna ba ta tafi ke nan, ko kwabo ba ta kawo ba. Filin Baba Yara yana cin mutum kusan 40,000. Mutum 8,000 a kan sidi 50, sidi 400,000 ke nan. Mutum 20,000 a kan sidi 20, shi ma sidi 400,000 ne. Kuɗi ɗaya. Amma a na biyu fili yana girgiza, baƙi suna shigowa gwiwarsu a sanyaye, mai kamfani da ya kalli talabijin ya ga jama'a sai ya yi sha'awar sa sunansa a ƙirjin riga, masu wake da shinkafa da masu ƙosai da direbobi kowa ya koma gida da wani abu. A na farko kuwa sai muryar koci kake ji tana amsa-kuwwa.

Ina ɗan shekara 9 mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya fara kai ni fili. Falken goro ne, ba mai hali ba. Shekarar 1983 ce, kuma duk wanda ya rayu a lokacin ya san wace irin shekara ce: fari, gobarar daji ta cinye gonaki, ga 'yan'uwanmu kusan miliyan da aka koro daga Najeriya sun dawo babu komai a hannu. Ana layin burodi, ana layin kenke, wato dokunu, tun ba a dafa ba. A cikin wannan shekarar Kotoko ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka da Al Ahly ta Masar, wadda ta doke mu a wasan ƙarshe na 1982. An tashi babu ci a Alƙahira, aka dawo Kumasi a watan Disamba. Tun da hantsi muka shiga. Mahaifina ya ɗora ni a wuyansa, na riƙe hularsa da hannu biyu. Da Opoku Nti ya jefa ƙwallon nan a raga, ban ga komai ba sai sama da ƙasa, don tsalle yake yi da ni, wani Batone, wato mutumin Asante, da ba mu taɓa gani ba ya rungume mu gaba ɗaya yana kuka. Mutane masu yunwa ne suka cika fili ran nan. Da a ce kuɗin ƙofa ya gagari ɗan goro a wancan lokaci, da ba ni nan yau ina rubuta muku wasiƙa, da ban saya wa kulob ɗin nan tikiti na shekara arba'in ba.

Nan ne abin ya fi damuna, kuma ina roƙonku ku tsaya a kansa. Son kulob ba a talla ake samunsa ba. A wuyan uba ake ɗaukarsa, ko a hannun kawu, ko a bayan yayan da ya ce "riƙe rigata kada ka ɓata." A zamaninmu babba yakan kama hannun yaro ya wuce da shi, kuma idan wasa ya kusa tashi akan buɗe ƙofa, mu yaran da muka yi cirko-cirko a waje mu kwasa da gudu mu ga mintocin ƙarshe. Waɗannan mintoci su suka yi mu. Yau ku shigo Aboabo da yammacin Lahadi ku gani. Gidajen kallo cike suke maƙil, samari sun biya 'yan canji suna kallon Ingila da Sifen a inuwa, da fanka a kansu. Yaro zai lissafa maka 'yan wasan Chelsea har da na benci, ka tambaye shi mai tsaron ragar kulob ɗin garinsu ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne. Ba a taɓa kai shi ba. Wanda bai shaƙi ƙurar fili yana ɗan 10 ba, ba zai zo yana ɗan 30 ya sayi tikitin wajen manya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuɗin da kuke ƙarawa yau a ƙofa, daga aljihun shekara ashirin masu zuwa kuke cire shi.

Taken Kotoko kowa ya san shi, har mu da Hausa ce harshenmu na gida: Kum apem a, apem beba, ka kashe dubu, dubu za su zo. Daga ina dubun za su fito in an bar su a bakin ƙofa?

Ina so kuma ku tuna su wa ake korewa. Sunan da ke goshin filin nan Hausa ne. Osman Seidu, wanda duniya ta sani da Baba Yara, ɗan ƙwallon da ake kira sarkin 'yan wasan gefe, wanda haɗarin mota a Kpeve ya naƙasa a 1963 yana tsakiyar ƙarfinsa, ya rasu a 1969, aka sa wa fili sunansa a 2004. Ibrahim Sunday ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1971, bayan Kotoko ta ɗauko kofin Afirka na farko. Karim Abdul Razak ya karɓi wannan kambu a 1978. Alhaji Karim Grusah ya kafa ƙungiyar King Faisal ya riƙe ta shekara da shekaru, ta hannunta Sammy Kuffour da Ibrahim Tanko suka bi suka fita Turai. A Akra ma haka ne, daga Mohammed Polo har Mohammed Kudus, unguwar Nima ce ta haifa. Unguwannin da ba su da filin ciyawa, sai tsakuwa da kwata, su suke ba ƙasar nan ƙafafun da take alfahari da su. Ba gori nake yi ba. Tonawa da mu da sauran ƙabilu tare muka gina wannan abu, kuma fili yana cikin 'yan wuraren da ba a tambayar mutum addininsa ko yarensa kafin a rungume shi. Abin da nake cewa shi ne, bai dace unguwar da ta ba da ɗan wasa ta kasa shiga ganinsa ba.

Mun biya da abin da ya fi kuɗi ma. Ranar 9 ga Mayu, 2001, a filin Akra, wasan Hearts of Oak da Kotoko, aka harba hayaƙi mai sa hawaye, jama'a suka ruga ƙofofi suka tarar da su a rufe, mutum fiye da 120 suka rasu. Da yawansu 'yan Zango ne. Akwai gidajen da har yau uwa ba ta yarda ɗanta ya je kallon ƙwallo. A Fabrairun 2025 kuma aka daɓa wa wani mai goyon bayan Kotoko wuƙa a Nsoatre har ya rasa ransa, aka dakatar da gasa. Duk da haka muka dawo. Mutanen da suka dawo bayan irin wannan sun cancanci a tambaye su kafin a ƙara musu ko sidi ɗaya.

Sannan idan an ƙara kuɗi, mai biya yana da ikon ya tambayi me ya ƙaru. A Satumban 2024, bayan Angola ta ci Ghana 1-0 a nan Kumasi, hukumar ƙwallon Afirka ta janye amincewarta da filin saboda halin da ciyawarsa take ciki. Duniya ta gani. Mu da muke zama a sama mun daɗe muna ganin irinsa a filaye daban-daban: bayan gida da ba ya shiguwa, famfon da babu ruwa, babu wani tsaftataccen wuri da mutum zai yi alwala ya ba da La'asar a hutun rabin lokaci, ƙofa ɗaya ko biyu a buɗe ga dubban mutane. Tela idan ya ƙara kuɗi, dole ɗinki ya nuna.

Akwai kuma yoyon da kowa ya sani. Na sha tsayawa a layi da tikitina a hannu, in ga wani ya murza 'yan kuɗi a tafin mai tsaron ƙofa ya wuce. Na sha ganin dogon ayarin "mutanen manya" suna shiga ba ko sisi, alhali su ne suka fi kowa iya biya. Na ga masu saye da yawa su dawo bakin fili su sayar da tsada. Tun wasan Ghana da Najeriya na Maris 2022 aka shigo da sayen tikiti ta waya, aka ce zai toshe wannan ɓaraka, kuma tunani ne mai kyau. Amma dattijo irin Baba bai iya danne-dannen nan ba, sai ya nemi yaro, wani lokaci saƙo ya maƙale kuɗi ya fita tikiti bai zo ba. In tulu yana yoyo, ba a cewa mai kawo ruwa ya ƙara guga. A toshe tukuna. Ina da yaƙinin abin da yake zurarewa ta gefe, in an tare shi, zai rage buƙatar taɓa aljihun ɗan fofula.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba shi da wuya. Ku bar fofula a farashin da mai aikin yini zai iya, ku tsayar da shi tun farkon kaka, ku faɗa wa duniya cewa ba zai motsa ba ko da wa za a kara, ko Hearts ce. In dole sai an ƙara, ga wajen manya nan, mai zuwa da mota mai sanyi ba zai ji a jikinsa ba. Yaro ɗan ƙasa da shekara 12 da ya zo da babba ya shiga kyauta ko da rabin kuɗi, haka dattijon da ya manyanta. A wasannin da kun san fili ba zai cika ba, ku aika wa makarantun boko da na Islamiyya, a zo da yara aji-aji su zauna a kujerun da da ma rana ce za ta zauna a kai. Tikitin kaka guda kuwa, ku bari a riƙa biyansa kaɗan-kaɗan ta momo, wato tura kuɗi ta waya, yadda muke zubin adashi, don talaka yana iya sidi biyar kullum, dunƙulen ne ba ya iyawa.

Abu ɗaya da na fi so a cikinsu duka shi ne bayani. Bayan kowane wasa a fito a faɗa: mutum kaza suka shiga, kaza aka tara, masu fili sun ɗauki kaza, haraji kaza, kulob ya tsira da kaza. Ko a masallacin unguwarmu ana karanta abin da aka samu ranar Juma'a, shi ya sa mutane ba sa jin ƙyashin sakawa. In muka ga da idonmu cewa abin da ke isa ga 'yan wasa bai taka kara ya karya ba, mu da kanmu za mu tsaya tare da ku mu nemi a rage kason da ake yanka. Yanzu kuwa muna cikin duhu, kowa da zarginsa. Kuma ku zauna da mu kafin ku yanke. Ƙungiyoyin magoya baya suna nan a kowace unguwa, sarakunan Zango suna nan, limamai suna nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Samari a majalisarmu suna yawan kawo labarin Liverpool. A Fabrairun 2016 dubban magoya bayanta suka tashi suka fice daga fili a minti na 77, saboda an sa wani tikiti fam 77. Cikin 'yan kwanaki masu kulob suka janye, suka ba da haƙuri. A shekarar ce kuma gasar Ingila ta ƙayyade tikitin baƙi kada ya wuce fam 30. Suna cewa mu ma mu yi haka, mu ƙaurace. Ni ina hana su. Ba na son in ga ranar da za mu juya wa yaranmu baya suna cikin fili suna gumi, su ba su suka yanke farashi ba. Amma ku sani ƙauracewar tana faruwa ko ba wanda ya shirya ta. Ba a buga ganga ba, ba a ɗaga kwali ba, mutum ɗaya-ɗaya ne yake ƙirga kuɗinsa a bakin hankici ya juya. Wannan ta fi ta Liverpool haɗari, don wanda ya fita da fushi yana dawowa in an lallashe shi, wanda ya saba da zaman gida kuwa sai a hankali.

Da muka fito ran nan, na tarar da Baba yana nan inda muka bar shi. Ya jawo autana ya zaunar da shi a gefensa yana tambayarsa yadda aka ci ƙwallon, ta wane gefe aka kawo ta, da ka ne ko da ƙafa. Yaron ya miƙe yana nuna masa da hannu da ƙafa, Baba yana gyaɗa kai yana dariya. Tare muka tako har bakin titi.

Wasan gida na gaba ya kusa. Autana ya riga ya wanke rigarsa ya shanya, yaran shagona kuma har yanzu suna bina alkawari. Sun tambaye ni jiya ko za mu je, mu huɗu, har da Baba mu biyar. Na ce musu su bari in ji abin da za ku sanar a rediyo.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon duba wannan kuka.

Wassalam.

Naku,
Wani tela daga Aboabo, Kumasi.